Zanzibar da ƙaramin guzuri: inda kuɗi ke zurarewa da yadda ake toshe shi

Mutum biyu za su iya sauka a filin jirgin Zanzibar rana ɗaya, su yi mako guda, su yi iyo a teku ɗaya, amma ɗaya ya kashe ninkin-ba-ninkin abin da ɗayan ya kashe. Ba wai ɗaya ya fi ɗaya iya ciniki ba ne. Tsibirin ne yake da farashi biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa: farashin dala, wanda aka yi wa Turawan da ke zuwa shan rana, da farashin shilin, kuɗin Tanzaniya, wanda mutanen gari ke ci da sha da hawa mota da shi. Mai ƙaramin guzuri aikinsa shi ne ya san waɗanne kuɗaɗe ne ba makawa sai ya biya su a farashin dala, sannan ya mayar da duk sauran rayuwarsa ta makon nan kan farashin shilin.

Abin da ake kira Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu Unguja da Pemba, kuma tun 1964 suke haɗe da Tanganyika a matsayin ƙasar Tanzaniya. Inda masu yawon buɗe ido ke zuwa shi ne Unguja, kuma a kansa wannan bayani ya tsaya. Kusan duk mutanensa Musulmi ne, don haka maganar abincin halal da masallaci ba abin damuwa ba ce.

Takardu kafin tikiti

A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, tun ba su bar gida ba. Baturen Ingila ko Jamus yana iya sauka ya biya kuɗin biza a filin jirgi ya wuce. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Chadi ba haka yake ba: ƙasashen nan suna cikin jerin waɗanda sai hukumar shige da fice ta Tanzaniya ta duba takardunsu ta amince kafin su taso. Ana nema ta intanet a shafin hukumar, kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50 ne, kuma amsa tana iya ɗaukar makonni. Shi ya sa ake nema aƙalla wata biyu kafin ranar tafiya. Wanda ya ga tikiti mai arha ya yi wuf ya saya, irin wanda ba a mayar da kuɗinsa, sannan ya je neman biza, ya sa keke gaban doki. In amsa ta makara, ko dai ya biya tarar sauya rana, ko tikitin ya bi ruwa. Abin da ya dace shi ne a riƙe kujera ba tare da biya ba ta hannun kamfanin shirya tafiye-tafiye, a kama ɗakin da za a iya sokewa kyauta, a haɗa takardun da su, sai amincewa ta fito sannan a zare kuɗi. Fasfo kuma ya kasance yana da sauran wata shida aƙalla.

Na biyu, katin rigakafin zazzaɓin shawara. Duk wanda ya taso daga ƙasar da cutar take, kamar Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru, za a nemi ya nuna shi. Katin ba ya fara aiki sai kwana goma bayan allura, amma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka mai tsohon kati na gaskiya ba ya bukatar sabuwar allura.

Na uku sabo ne, kuma da yawa ba su san da shi ba. Daga 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, Zanzibar Insurance Corporation. Dala 44 ne ga babba, yana aiki har kwana 92, kuma ko kana da wata inshorar da ka saya a gida ba za ta maye gurbinta ba. Ana biya ta intanet kafin tashi, a ajiye shaidar a waya, a kuma buga ta a takarda saboda caji na iya ƙarewa a layi. To ka ga ke nan biza da inshora sun haɗa dala 94 ga mutum ɗaya, 188 ga mata da miji, kafin a sha ruwan kwakwa ɗaya. Wannan kuɗin goro ne, babu tayi a cikinsa, kuma ko kwana uku za ka yi ko goma duk ɗaya ne. Saboda haka tafiyar kwana uku ita ce mafi tsada idan aka raba kuɗin a kan kwanaki. Wanda bai da halin kwana shida ko bakwai, gara ya jinkirta ya ƙara tari.

Tikitin jirgi shi ne babban kaso na kuɗin tafiyar, kuma sai an ya da zango: Ethiopian Airlines ta Adis Ababa, Kenya Airways ta Nairobi, ko Qatar Airways ta Doha. Mutumin Kano ya kwatanta farashin tashi daga Kano da na Abuja, amma ya sa kuɗin mota da kwanan Abuja cikin lissafi kafin ya ce ɗaya ya fi arha. Akwai kuma dabarar da ake yawan ba mutane, wai a sauka Darussalam, babban birnin gaɓar Tanzaniya, a shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin. Wani lokaci tana da riba, wani lokaci ba ta da ita. Jirgin ruwa mai gudu na kamfanin Azam Marine yana ɗaukar kimanin awa biyu, kuma baƙo yana biyan wajen dala 35 a kujerar talakawa, wato 70 zuwa da dawowa. Ƙara kuɗin tasi daga filin jirgi zuwa tasha, sau biyu. Jirgin ƙarshe kuma da la'asar yake tashi, don haka wanda jirginsa ya sauka da yamma sai ya kwana a otal a Darussalam. In tikitin Darussalam bai gaza na Zanzibar da fiye da dala ɗari ba, wahala ce kawai aka saya. Wanda ya zaɓi hanyar ruwan ya sayi tikiti a shafin kamfanin ko a ainihin ofishinsa da ke tasha, kada ya miƙa kuɗi ko fasfo ga 'yan kamasho da ke tare mutane a bakin ƙofa. Jakarsa ma ya riƙe abarsa, domin wanda ya ɗaukar masa ita taku ashirin zai nemi lada. Fasfo ya kasance a hannu, saboda ana sake duba shi a tashar Zanzibar ko da daga cikin Tanzaniya aka fito.

Wata da gaɓa

Farashin ɗaki a tsibirin yana hawa da sauka da yanayi. Yuli da Agusta, da kuma tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, su ne lokacin da Turawa ke cika gari, ɗaki ya yi tsada, tikiti ya yi tsada. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu kuma damina ce babba, wadda suke kira masika. Nan ne farashi ke faɗuwa warwas, har wasu otal-otal su rufe don gyara. Amma arhar Afrilu tana da dalili: ruwa na iya kwana ya wuni, ƙananan hanyoyi su cika da laka, masu kwale-kwale su fasa fita. Mutumin da ya tara kuɗin shekara don ya ga shuɗin teku bai kamata ya yi caca da Afrilu ba. Tsaka-tsakin da ya fi dacewa shi ne Yuni, ko tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, ko Nuwamba lokacin ƙaramar damina, wadda ruwanta kan zubo na ɗan lokaci ya ɗauke. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu tana kaɗawa, gari ya yi sanyi-sanyi mai daɗi, sai dai teku tsakanin Darussalam da tsibirin kan yi tambal-tambal, musamman da yamma. Mai saurin jiri ya shiga jirgin safe.

A watan azumi yawancin gidajen abincin gari a rufe suke da rana. Ga mai azumi wannan ba matsala ba ce, kasuwar buɗa-baki ma abin gani ce. Ga mai tafiya da yara ƙanana kuwa, yana nufin abincin rana a otal, a farashin otal.

Sai zaɓen gaɓa, wanda shi ne ya fi raba mai murna da mai da-na-sani. Hotunan intanet duk rairayi fari ne da ruwa shuɗi, ba sa nuna cewa teku a nan yana cikowa ya janye sau biyu a kowace rana. A gabashin tsibirin, wato Paje, Jambiani, Bwejuu da Matemwe, ƙasan tekun shimfiɗe yake, ba shi da zurfi har zuwa inda duwatsun murjani suka yi katanga can nesa. In ruwa ya janye sai ya tafi ɗaruruwan mitoci, a wasu wuraren fiye da kilomita. Inda ka yi iyo da safe sai ka tarar da shi fili: rairayi mai danshi, kududdufai, kwale-kwale kwance a gefensu, da mata sunkuye tsakanin turaku da igiyoyi suna tsinkar ciyawar teku da suke nomawa don sayarwa. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma ba iyo sai ruwa ya dawo. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da zurfi kusa, ana shiga ruwa kusan kowane lokaci, faɗuwar rana ma a gabanka take. Wannan ne ya sa ɗaki da abinci suka fi tsada a can.

Mai neman arha gabas ce tasa, musamman Jambiani, in dai ya san lissafin ruwan. Lokacin cikowar yana matsawa gaba da kimanin minti 50 kowace rana, kuma ƙarfinsa yana bin wata: a farkon watan Musulunci da tsakiyarsa ruwan ya fi cikowa sosai ya kuma fi janyewa nesa, a kwana bakwai ko takwas ga wata da kuma wajen ashirin da biyu bambancin kaɗan ne. Ana samun jadawalin kyauta a intanet, masaukai da yawa ma suna rubuta shi a allo. Da shi za ka tsara ranarka, ka yi iyo lokacin cikowa, ka fita yawo lokacin janyewa. Abubuwa biyu ne ke cutar da baƙi a filin nan. Akwai bushiyar teku, baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke ɓuya a kududdufai. Ƙayar tana karyewa cikin tafin ƙafa, kuma kuɗin asibiti ya ninka kuɗin takalmin roba sau da yawa. Sannan ruwa idan zai dawo ba daga gabanka kaɗai yake zuwa ba, yana fara cika kwaruruka da ke bayanka. Wanda ya yi nisa ya juyo da zarar lokacin mafi ƙarancin ruwa ya wuce.

Wajen kama ɗaki, ka nemi ƙananan masaukai na mutanen gari da ke layi na biyu ko na uku daga bakin ruwa. A Zanzibar tafiyar minti uku a ƙasa tana iya rage rabin kuɗin ɗaki, teku kuwa na kowa ne. Ka tambayi abu huɗu kafin ka ba da kafin alƙalami: ko karin kumallo yana ciki, ko akwai gidan sauro, ko akwai janareta ko sola don ana ɗauke wuta, da kuma ko an sa harajin gwamnati a farashin. Harajin nan ana karɓarsa ne a kan kowane mutum kowane dare, tsakanin dala 2 zuwa 5 gwargwadon darajar masaukin, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani a intanet, sai ranar fita a miƙo maka. Mata da miji a dare bakwai, ko a mafi ƙarancinsa dala 28 ne. Dabara mai kyau ita ce ka kama dare biyu ta intanet, in wurin ya yi maka ka yi magana da mai gida kai tsaye a kan sauran kwanakin. Kamfanonin intanet suna cire la'adarsu daga hannunsa, don haka yana da sararin yi maka ragi.

Mota ita ce ɓarauniyar da ba a lura da ita. Daga birnin Zanzibar zuwa Nungwi kimanin kilomita 60 ne, zuwa Paje kimanin 50, kuma shatar tasi a kowace irin wannan tafiya tana cin dala 30 zuwa 50. Mai son ya kwana a wurare huɗu cikin mako guda zai ƙone fiye da dala ɗari a kan titi kawai. Zango biyu sun isa: dare biyu a tsohon birni, wato Stone Town, sauran a gaɓa ɗaya. Motar talakawa ita ce dala-dala, wasu ƙananan bas ne, wasu kuma a-kori-kura da aka yi wa rumfa da benci biyu suna fuskantar juna. Ta Nungwi mai lamba 116 tana tashi daga kasuwar Darajani da ke birni, na gabas kuma galibi daga tashar Mwanakwerekwe, kuma kuɗin bai wuce shilin dubu kaɗan ba. Ba ta tashi sai ta cika, tana tsayawa ko'ina, kuma bayan magariba samunta sai sa'a. Ka tambayi fasinjan da ke kusa da kai kuɗin mota kafin kwandasta ya zo, ka tanadi ƙananan kuɗi, ka biya kwandasta a cikin mota ba wani da ke tsaye a tasha ba. Babbar jaka ana ɗora ta a sama, wani lokaci a nemi ƙari. Ga iyali masu yara da kaya, shata ta fi, amma a yi ciniki da direban gari, ba ta hannun otal ba, a kuma yanke farashi kafin a shiga. Hayar babur tana da arha a baki, sai dai ana tuƙi ta hagu, ana bukatar takardar izinin tuƙi ta Zanzibar ban da lasinka, kuma 'yan sanda suna tsayawa a hanyoyin da baƙi ke bi.

In kana sa lokaci da direba ko mai kwale-kwale, ka nuna masa a agogon waya. Lissafin awa na Swahili daga fitowar rana yake farawa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Agogon ƙasar kuma yana gaban na Najeriya da awa biyu.

Abinci shi ne inda farashin shilin ya fi daɗi. A gidajen abincin gari akwai shinkafa da wake, pilau mai kayan ƙamshi, biriyani, capati, kifi a miyar kwakwa, da chipsi mayai, wato dankalin Turawa da aka soya cikin ƙwai. Akwai urojo, wani romo mai tsami da ake zuba masa dankali, dafaffen ƙwai da ƙosai-ƙosai, kwano ɗaya ya riƙe ka zuwa yamma. Farantin da za ka ci a nan da shilin dubu biyar ko shida, a gidan abincin bakin ruwa sai ka biya ninkinsa uku ko huɗu. Kasuwar dare ta lambun Forodhani a tsohon birni wurin zuwa ce, a ga fitilu da hayaƙin gashi, a sha ruwan rake da citta da lemun tsami. Amma a yi hattara da tsiren kifi da jatan lande da aka jera tun yamma ana ɗumamawa, don shi ne ke lalata wa baƙi ciki, kuma ciki in ya lalace kwana biyu sun tafi. A ci abin da aka dafa a gabanka, a tambayi farashin kowane abu kafin ya hau faranti. Ruwan famfo ba na sha ba ne. A sayi babbar gora a shagon unguwa a riƙa ɗurawa a ƙarama.

Kuɗin kashewa a canza shi zuwa shilin a wurin canji mai lasi a cikin birni, inda farashi ya fi na ƙauyukan gaɓa. Takardar dala 50 da 100 ta fi ƙanana daraja wurin canji, kuma tsofaffin takardu, musamman waɗanda aka buga kafin 2009, ko masu yaga ko rubutu, ana ƙin karɓarsu. Ka duba shekarun da ke jikin kuɗinka tun a wurin 'yan canji na gida. Babbar takardar shilin 10,000 ce, don haka dala ɗari biyu za ta zama dami, a raba shi wuri biyu. Na'urar cirar kuɗi tana da iyaka a kowace cira, tana kuma cire caji, a ƙauyuka kuma takan ƙare ko ta lalace. Biya da kati a otal sau da yawa yana zuwa da ƙarin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Layin waya na Vodacom ko Airtel a yi masa rajista da fasfo a ofishinsu.

Yawon gani shi ma akwai na kyauta da na kuɗi. Tsohon birni, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, da ƙafa ake zaga shi: lunguna ƙunci, ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, tsohuwar ganuwa, kasuwar Darajani. Gidan sarauta na Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883 daga waje za a kalle shi, wani ɓangarensa ya rushe a Disamba 2020. Wurin da ya cancanci kuɗin shiga shi ne tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, inda cocin Anglika yake a yau, tare da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da bayanin cinikin. Dajin Jozani, mai jajayen birai da ba a samun irinsu sai a Zanzibar, yana kan hanyar Paje, dala-dala na sauke mutum a bakin ƙofa, kuma kuɗin shiga ya haɗa da ɗan jagora. Biyan shata ta musamman dominsa asara ce. Gonakin kanumfari, kirfa da gyaɗar ƙamshi suna Kizimbani, ba nisa da birni. A kudu, a Kizimkazi, akwai masallacin da rubutun da ke jikin bangonsa ya nuna shekarar 500 ta Hijira, wato 1107 ta Miladiyya, ya kamata Musulmi mai son tarihi ya leƙa.

Fita teku kuwa, zuwa tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, ko tudun yashi na Nakupenda, ko kallon kifaye a kusa da tsibirin Mnemba, kuɗin kwale-kwale guda ne ko mutum biyu ne ko takwas. Ka haɗa kai da wasu baƙi a masaukinka ku raba. Samarin da ke bin mutane a bakin ruwa suna tallan fita dillalai ne, farashinsu na farko ba shi ne na ƙarshe ba, kuma ba a ba su cikakken kuɗi tun jiya. Ka tambaya ko kuɗin shiga tsibirin da harajin kare teku suna ciki, domin nan ne rigima ke tashi a tsakiyar ruwa. Ka ga rigar ceto da idonka kafin ka taka kwale-kwale, in babu ka fasa. Tsibirin bai manta da jirgin Spice Islander da ya nutse a Satumba 2011 da lodin da ya wuce ƙima ba, kuma babu ragin da ya kai ran mutum.

Kayan tsaraba a saya a Darajani inda matan gari ke saye, ba a shagunan lungun baƙi ba. Kada a ɗebo murjani ko manyan kokon halittun teku, doka ta hana fita da su. Leda ma an haramta ta a Tanzaniya tun Yuni 2019, a zo da jakar yadi. Daren ƙarshe a kwana a birni, minti goma sha biyar zuwa ashirin ne daga can zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume, ba sai an biya shatar asuba daga gaɓa ba. A ware kuɗin wannan tasin, sauran shilin ɗin kuma a mayar da shi dala kafin a tashi, don samun mai karɓarsa a Wapa ko a kasuwar Yamai abu ne mai wuya.